Abin da gara ke ci a ɗakunan gwajinmu

Akwai wani kabad a bayan ƙofar ɗakin gwaje-gwajen da na fara aiki bayan na gama bautar ƙasa. Ba a buɗe shi sai an rasa inda za a tura wani tarkace. Ranar da aka ce in kwashe kayan cikinsa za a yi fenti, na tarar da rijista fiye da ashirin, irin dogayen nan masu baƙin bango, an jibge su kan juna. Na zaro ta can ƙasa, sai bangon ya biyo hannuna, cikin ya zube kamar garin tuwo. Gara ta gama da ita. Na buɗe wata da gara ba ta kai gare ta ba. Ga kwanan wata, ga lambar majiyyaci da shekarunsa da ɗakin da yake kwance, ga abin da aka kawo, fitsari ne ko jini ko mugunya ko ruwan ƙashin baya. Sai sunan ƙwayar cutar da ta tsiro, sai jerin magunguna, kowanne da harafi a gabansa. In an sa S, maganin ya ci ta. In an sa R, ta bijire masa. Shafi bayan shafi, hannu daban-daban, wani da shuɗin biro wani da baƙi, aikin shekara fiye da goma.

Na zauna a daɓe na yi ta buɗawa har la'asar. Ba sai an yi lissafi ba, ido ma ya isa. A shekarun farko layin Septrin da na ampisilin akwai S jefi-jefi, can gaba sai R ta mamaye su kamar ciyawa a gonar da ba a nome ba, daga baya kuma ta fara leƙawa layin Cipro. Tarihin yadda magunguna suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a garin ke nan a rubuce, kuma babu likita ko ɗaya a asibitin da ya taɓa ganinsa a haɗe. Na tambayi dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, na ce, "Baba, waɗannan ba a taɓa tattara abin da ke cikinsu ba?" Ya ce, "Wa zai tattara, ɗana? Mu dai namu mu rubuta, mu ba mai ita takardarsa."

Wanda bai taɓa tsayawa a benci, wato teburin aikin gwaji, ba ba zai san abin da harafi ɗaya ya ci ba. Wata uwa ce ta biya kuɗin gwajin, wataƙila bayan ta sayar da akuyarta. An ɗebi samfurin an shafa a faranti mai abincin ƙwayar cuta, an sa a akwatin ɗumi a ma'auni 37, ya kwana. In an ɗauke wuta cikin dare kuma janareta ba mai, aikin ya koma baya. Washegari a duba abin da ya tsiro, a tantance ko wace ce, a sake shafa ta a wani faranti, a ɗora ƙananan fayafayan takarda masu ɗauke da magani, a sake kwana. Sannan a ɗauki rula a auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa kewaye da kowane faifai, milimita nawa, a duba jadawali a ga ko S ce ko R. Kwana biyu zuwa uku ke nan, in komai ya tafi daidai. Duk wannan wahalar sai ta yi wa mutum ɗaya amfani sau ɗaya, ta koma kabad ta jira gara.

Ni a ganina wannan asara ce da ta kai a kira ta cin amana. Abin da muke samu daga jinin mara lafiya da fitsarinsa amana ce da ya bar mana, kuma ba ta ƙarewa a ranar da muka miƙa masa takarda. Haƙƙin wanda zai kwanta a gadon nan bayansa yana cikinta. Mu masu ilimin ƙananan halittu, daga ma'aikacin benci har farfesa, mun saba ɗaukar bayanan bincike kamar kayan ɗakinmu, in mun ga dama mu adana, in mun ga dama mu nuna wa wanda muke so. Wannan ɗabi'ar nake so mu bari.

Ga dalilin da ya fi damuna. Jaririn da aka kawo da cuta a jini ba zai jira kwana uku ba. Dole likita ya fara ba shi magani a daren, kafin sakamako ya fito, wato ya yi hasashe. Hasashen nan kuwa ko dai ya dogara da littafin da aka rubuta a Ingila, ko da abin da wakilin kamfanin magani ya gaya masa, ko kuma da taƙaitaccen jadawali na asibitinsa wanda ke cewa bara, cikin ƙwayoyin cuta kaza da muka samu a jinin jarirai, kashi kaza ne maganin nan ya ci. Wannan jadawalin shafi ɗaya ne tak, kuma duk abin da ake bukata a haɗa shi yana cikin rijistar da ke kabad. Asibitocinmu nawa ne ke fitar da shi duk shekara su manna a bangon ɗakin jarirai?

A farkon 2022 mujallar Lancet ta buga wani gagarumin ƙiyasi da ya ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai-tsaye saboda bakteriya da suka bijire wa magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi muni, kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Amma su kansu masu binciken sun faɗi cewa a ƙasashe irin namu bayanan da suka samu ba su taka kara sun karya ba, da lissafi suka cike giɓin. A shekarar dai wani bincike da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka da abokan aikinta suka yi a ƙasashe 14 ya gano cewa cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000, kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke yin gwajin bakteriya. To, in masu yin gwajin ba su da yawa haka, ɗan abin da suke samu ya zama zinariya ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe tsarin tattara irin waɗannan bayanan, GLASS, tun 2015, Najeriya kuma ta fitar da shirinta na ƙasa kan bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017. Tsari yana nan. Abin zubawa a ciki ne ke ruɓewa a sito.

Wanda yake shakkar amfanin haɗa bayanai wuri ɗaya, ya dubi shan inna. A watan Agustan 2016, bayan shekara biyu ba a ga ƙwayar cutar ta daji, wato wadda ba daga rigakafi ta samo asali ba, a Najeriya ba, har an fara shirin murna, sai aka samu yara biyu a Gwoza da Jere a jihar Borno sun shanye. Tambayar da kowa ke yi ita ce, daga ina ta shigo? Aka karanta jerin haruffan gadon ƙwayar, wato tsarin halittarta da ke nuna daga wace ƙwaya ta fito, aka gwada da na waɗanda aka adana shekara da shekaru, sai aka ga jikar wadda aka gani a Borno ce a 2011. Ashe ba shigowa ta yi ba, tana nan shekara biyar tana yawo a garuruwan da rikici ya hana masu allura shiga. Wannan amsar ita ta sauya yadda aka tunkari yankin Tafkin Chadi baki ɗaya, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar ta daji a watan Agustan 2020. Da wanda ya karanta ta 2011 ya bar ta a kwamfutarsa, da babu abin da za a gwada da shi. Haka a 2022 da aka samu wata yarinya da cutar a Malawi, kwatancen nan ne ya nuna daga Pakistan ƙwayar ta taso. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an san tulun da take ciki.

Sanƙarau ma ya koya mana darasi, sai dai da tsada. Allurar rigakafin nau'in A da aka fara a 2010 ta yi aiki sosai, har muka ɗan saki jiki. Sai ga sabon nau'in C ya ɓullo a 2013 a wajajen Sakkwato da Kabi. A 2015 ya kwantar da mutum sama da 8,000 a Nijar, Yamai ta fi jin jiki. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya taso daga Zamfara, aka ƙirga mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Ƙwaya ɗaya ce ke tsallaka iyaka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, tsakanin Jibiya da Maraɗi, tare da masu zuwa cin kasuwa da biki da ta'aziyya. Mu kuwa wannan yana rubuta rahotonsa da Turanci ya aika Abuja, wancan da Faransanci ya aika Yamai, alhali tafiyar da ke tsakanin ɗakunan gwajin biyu ba ta kai ta wuni guda ba. Sau da yawa sai a wata mujallar Turai, bayan shekara biyu, ɗaya zai karanta abin da ɗayan ya gani.

A duniya an sha ganin abin da saurin sakin bayani ke haifarwa. Ranar 11 ga Janairun 2020 wani masani ɗan China, Zhang Yongzhen, ya yarda aka saka jerin haruffan ƙwayar korona a intanet, haruffa kusan 30,000, kowa ya ɗauka kyauta. Cikin kwanaki aka haɗa hanyar gwajinta a Balin ta Jamus, aka kuma zana allurar rigakafi a Amurka ba tare da an taɓa riƙe ƙwayar a hannu ba. Shi kuwa washegari aka rufe ɗakin bincikensa. A nan gida, cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinta na Legas, ita ta fara fitar da jerin haruffan korona daga Afirka a farkon Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan an tabbatar da mutum na farko a ƙasar. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Saliyo a 2014. Ma'aikatan asibitin Kenema da abokan aikinsu sun karanta ƙwayar Ebola 99 daga marasa lafiya 78, suka zuba a GenBank, rumbun ajiye irin waɗannan haruffa a intanet, tun kafin a buga takardarsu. Kafin takardar ta fito a watan Agusta, biyar daga cikin marubutanta Ebola ta kashe su, har da Dakta Sheik Humarr Khan. Mutanen da ke mutuwa a bakin aiki ba su riƙe bayani suna jiran suna ba.

To amma na san abin da abokan aikina za su ce, domin ni ma na faɗe shi. Za su ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma gaskiyarsu. Mun ga yadda ake yi. Kai ne za ka shiga ƙauye da damina, kai za ka lallashi mai gari, kai za ka ɗebi samfur ka kwana kana gadin ƙanƙara kada ta narke, sai a kwashe a kai ƙasar waje, takarda ta fito da sunaye goma sha biyu, naka yana can ƙasa a wurin godiya, in ma an tuna. A ƙarshen 2006 da farkon 2007 Indunusiya ta daina aika wa Hukumar Lafiya ta Duniya samfurin murar tsuntsaye. Ministar lafiyarsu, Siti Fadilah Supari, ta ce ba zai yiwu su bayar kyauta, kamfani ya yi allura da shi, sannan ya dawo ya sayar musu a farashin da ba za su iya ba. Aka yi ta zaginta, amma maganarta na kan hanya. Sai kuma abin da ya faru a watan Nuwamban 2021, lokacin da masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona na Omicron suka sanar da duniya cikin kwanaki. Tukwicin da aka ba su shi ne rufe wa ƙasashensu ƙofa, jirage suka tsaya, har sinadaran gwajin da suke bukata suka yi wuyar shigowa. A farkon Disamba Birtaniya ta haɗa da Najeriya a jerin. Duk wanda ya ga wannan ya koyi cewa faɗin gaskiya da wuri yana da farashi.

Mu a arewa muna da namu tabon. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar rashin yarda da har yau ba ta gama warkewa ba, kuma yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka in mai gari ya tambaye ni ina za a kai jinin mutanensa, wa zai gani, me za a yi da shi, ba na ɗaukar tambayar a matsayin jahilci. Tambaya ce da ya kamata a ce mu muka fara yi wa kanmu.

Sai dai in mun natsu mu duba wanda ɓoyon ke cutarwa. Bature da ke da kuɗi da na'ura zai samu samfurinsa ta wata hanya, ko daga matafiyin da ya sauka a filin jirginsu da zazzaɓi. Wanda ba zai samu ba shi ne likitan Gusau, da ma'aikaciyar gwaji a Damagaram, da ɗalibin da ke son sanin ko taifot ɗin garinsu har yanzu yana jin magani. Kuma gardamar da Indunusiya ta tayar ba a ɓoyo ta ƙare ba, a ƙa'ida ta ƙare. A 2008 aka buɗe rumbun GISAID na ajiye jerin haruffan ƙwayoyin mura, inda duk mai son ɗiba sai ya yi rajista da sunansa ya ɗauki alƙawarin ambaton wanda ya kawo da neman haɗa kai da shi. A 2011 ƙasashe suka amince da tsarin da ya sa kamfanonin da ke cin moriyar samfurin mura su biya kuɗi su kuma ware wani kaso na allura. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tabbatar wa ƙasa iko a kan albarkatun halittunta. A watan Mayun 2025 aka amince da yarjejeniyar annoba ta duniya, aka bar sashen rabon amfanin ƙwayoyin cuta don ci gaba da tattaunawa, saboda nan ne gizo ke saƙa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya cika goma. Amma wanda zai zauna a teburin ciniki ya yi magana da ƙarfi shi ne wanda kayansa ke a ƙirge, a tsare, ya san abin da ke hannunsa. Mai rijistar da gara ta ci ba shi da abin ciniki.

Kuma mu daina ɗora komai a kan Turawa. Yawancin ɓoyon da na gani da idona tsakaninmu ne. Malami yana ɓoye wa malamin da ofishinsu ke jere. Dalili kuwa sananne ne: ƙarin girma a jami'a da yawan takardun da ka buga ake ƙirga shi, saboda haka mutum yakan riƙe bayanin shekara ɗaya ya yanka shi gida huɗu, ya yi shekara shida yana fitarwa kaɗan-kaɗan, lokacin ƙwayar cutar ta riga ta sauya hali. Ƙaramin ma'aikaci kuma yana tsoron in ya nuna, babba zai ɗauke ya sa sunansa a gaba. Akwai dalili na uku da ba a son faɗa, ni kuwa zan faɗa. Wasu alƙaluman ba za su jure a kalle su ba. Akwai faifan magani da wa'adinsa ya wuce aka yi aiki da shi. Akwai wanda bai taɓa gwada faifansa da ƙwayar ma'auni ba, irin E. coli ATCC 25922 da kowane ɗakin gwaji ya kamata ya ajiye don ya tabbatar rularsa ba ƙarya take yi ba. Akwai kuma ɗalibin da samfur ɗari aka ce ya yi, kuɗinsa ya ƙare a arba'in, ya zauna a ɗaki ya cike sauran da biro. Ranar da aka wajabta cewa duk mai kare kundi sai ya miƙa ainihin bayanansa, da hoton faranti da kwanan wata, rabin wannan zai mutu da kansa. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai dai rabawa ba ta yiwuwa sai an fara da adanawa, kuma a nan ne muka fi rauni. Mu da muka tashi a zaure mun san darajar isnadi. Magana komai daɗinta, in ba a san wanda ya ji ta daga wa ba, malamai ba sa kafa hukunci da ita. Tsofaffin masu kwafar littattafai a Kano da Katsina da Tambutu sukan rufe da sunansu da ranar da suka gama. Haka bayanin ƙwayar cuta yake. In ka ba ni jerin haruffan gadonta ba ka gaya mini ranar da aka ɗauke ta ba, da garin, da ko daga jinin jariri ne ko ruwan rijiya ko kashin kaji, ka ba ni hadisi babu isnadi. Manyan rumbunan duniya, na Amurka da na Turai da na Japan waɗanda ke musayar abin da ke cikinsu kullum, cike suke da irin waɗannan marayun, an rubuta sunan ƙasa kawai an yi shiru. Ƙa'idojin da masana suka fitar a 2016 da sunan FAIR, in ka tace su, abin da suke cewa ke nan: a iya gano bayanin, a san hanyar samunsa, a rubuta shi yadda zai haɗu da na wani, a bayyana shi yadda baƙo zai yi aiki da shi ba sai ya kira ka a waya ba.

Ƙananan abubuwa ne ke kashe mu. Ƙwaya ɗaya, wannan ya rubuta cikakken sunanta, wancan ya taƙaita, na uku ya yi kuskuren harafi, kwamfuta ta ƙirga su uku. Wani ya fara da rana a kwanan wata, wani da wata. An rubuta S ko R kawai ba a rubuta milimita ba, alhali jadawalin da ake fassarawa da shi ana sabunta shi, abin da yake S shekara goma baya yana iya zama R yau, kuma in babu ainihin awon ba yadda za a sake fassarawa. Ga manhajar WHONET nan kyauta tun 1989, an yi ta don wannan aikin, tana tafiya a tsohuwar kwamfuta ko babu intanet. Mutum ɗaya da awa ɗaya a rana ya isa ya shigar da sakamakon matsakaicin asibiti. Abin da ya rage shi ne a ce aikin wane ne, a rubuta a takardar aikinsa, a biya shi a kai, kada ya zama taimakon da ɗan bautar ƙasa zai yi ya tafi da shi a filash ɗinsa.

Na san wata baiwar Allah da ta yi shekara biyu tana tattara ƙwayoyin cuta daga masu ciwon mafitsara don digirinta na biyu. Komai yana laftof ɗaya. Aka fasa ɗakinta aka ɗauke. Ƙwayoyin da ta adana a firiza kuwa sun mutu tun wani dogon rashin wuta. Abin da ya rage mata shi ne kundin da aka ɗaure da bango, mai jadawali shida. Kundin ma yana can cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa a wani ɗaki a sashen, ƙura ta rufe su, duk shekara kuma sabon ɗalibi yana sake yin wannan binciken daga farko kamar ba a taɓa yi ba. Ba mu kaɗai ba ne. Wasu masana sun bi sawun takardu 516 na ilimin halittu da aka buga tsakanin 1991 da 2011 suna neman ainihin bayanan daga marubutan, suka ga duk shekara ɗaya da ta wuce damar samun bayanan na raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari, saboda adireshin imel ya mutu ko abin ajiyar ya lalace. In haka ta faru a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, sai a auna namu.

Akwai iyaka, kuma dole a faɗe ta da ƙarfi. Bayanin ƙwayar cuta ake rabawa, asirin mara lafiya ba a rabawa. Sunansa da lambar wayarsa da unguwarsa ba su da hurumin fita daga asibiti. A ƙaramin ƙauye ko shekaru da jinsi da rana sun isa a gane mutum, ciwo irin tarin fuka ko ciwon sanyi kuwa yana iya raba aure. Abin takaici, mu da ke ƙin ba abokin aiki jadawalin da babu suna, mu ne ke ɗaukar hoton takardar sakamako da cikakken sunan mai ita mu jefa a zauren WhatsApp. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan, kuma tun kafin doka addini da tarbiyya sun hana.

Masu riƙe da kuɗi su ne za su iya juya wannan cikin sauri. Cibiyar lafiya ta Amurka da ke ba da tallafin bincike ta wajabta tun Janairun 2023 cewa duk mai neman kuɗinta sai ya rubuta yadda zai adana bayanansa da yadda zai raba su. Ban ga abin da zai hana TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantunmu, ta yi haka ba, ta riƙe kason ƙarshe na tallafi har sai an nuna inda aka ajiye bayanan. Ban ga abin da zai hana kwamitin ƙarin girma ya ba da maki ga wanda ya ajiye tsabtataccen bayani da wasu suka yi aiki da shi ba, kamar yadda yake ba mai takarda. A ba mai bincike wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, ya buga nasa tukuna, wannan adalci ne. Amma lokacin annoba babu wa'adi, domin mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022 bai jira kowa ya gama rubutu ba. Kuma duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu da baƙi, a rubuta tun farko wa zai riƙe kwafi, sunan wa zai fito a ina, yaranmu nawa za a koya wa karanta haruffan da kansu. Ma'aikacin benci da ya auna da'irar nan da rula shi ma a sa sunansa.

Rijistocin nan ban bari an mayar da su kabad ba. Na roƙi shugaban sashe, na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni su in shigar a kwamfuta." Ya ce in dai ba zai taɓa aikin benci ba, in je in yi. Ni da wani abokin aiki muka riƙa zama bayan an tashi, ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa, muna tsallake sunaye, muna kiran Baba in rubutu ya gagara, shi kuwa yana gane hannun kowa, har na waɗanda suka rasu. Wata bakwai muka yi. Da muka kai wa likitocin yara shafin farko, wata daga cikinsu ta daɗe tana kallon layin maganin da suka saba farawa da shi, ta ce a ba ta kwafi ta kai taron safe. Shekarun da gara ta cinye guda huɗu ne a jere, daga farkon tarin. A cikin fayil ɗin mun rubuta lambobin shekarun, muka bar layukan fayau.